Gyara

Yarinyar ta kafa lemarta mai ruwan ɗorawa
a bakin kasuwar Farin Gada,
tsakanin mai kabeji da mai gyaran sikeli.
Kangyang, haka katin ƙirjinta ya ce.
Ta ce, Baba, intanet har cikin ɗaki,
kwamfutar cinya kuma kyauta, ko kwabo.

Ko kwabo.
Na karɓi takardar da hannu duk ƙasar dankali,
na ninke ta huɗu, na cusa a hula.

Shekara talatin da ɗaya ina awo.
Na san gyara.
In na cika bokiti na ɗora uku a kai,
mai saye ya tafi yana sa mini albarka,
ni kuwa tun a Bokkos, kafin a ɗinke bakin buhu,
ukun nan sun riga sun shiga lissafi.
Ba cuta ba ce. Kasuwa ce.

Da dare ba wuta.
Sa'ade ta haska takardar da fitilar waya.
Manyan baƙaƙe suna ihu,
ƙanana suna raɗa a gindin shafi
kamar masu gulma a gidan biki:
wata ashirin da huɗu,
kowane wata a ranar biyar,
in ka makara a yanke,
in ka fasa a tsakiya
kyautar ta tashi ta sa takalmi ta koma bashi.

Na yago bayan kwali na yi ta jera lambobi.
Na tara, na ɗebe kuɗin ta hannu
irin wadda Tanimu ke sayarwa a Taminus,
mai tabo a murfi, mai batir rabin awa.
Abin da ya rage a tsakani
ya kai buhu tara.

Ga kuma dutsen bayan gidanmu.
Sabis ba ya hawa shi, kewaya shi yake,
sai ka tsaya gindin gwaiba ka ɗaga hannu
kamar mai rantsuwa.
Ga Agusta, in ruwa ya zauna kwana goma
dankali ya ruɓe tun a gona.
Takarda ba ta san ruɓa ba.
Ranar biyar kawai ta sani.

Wannan duk a faranti ɗaya.

A ɗayan kuwa,
Sa'ade ce a layin shagon buga takardu,
da littafin bincikenta a leda saboda yayyafi,
tana jiran kujera har a kira magariba.
Aron kwamfutar ƙawarta ne, daga sha ɗayan dare
zuwa sa'ar da mai ita ta farka.
Da ta gama karanta mini ba ta ce saya ba,
ba ta ce bari ba.
Ta dai shafa hoton da babban yatsa,
ta miƙo mini, ta tafi ɗora ruwan shayi.
Sikelina na auna kilo ɗari,
bai da layin da ke nuna nauyin wannan.

Washegari Kangyang ta zo sayen dankali.
Na ce, ke kin sa hannu a taku?
Ta yi dariya, ta dubi takalminta.
Ta ce ita sai an sa hannu ake biyanta,
yau kwana huɗu biro bai bar jakarta ba.

Na cika mata bokiti.
Na ce, ki zo da na'urar taku ta kwana gidana,
mu ga ko za ta iya da dutse.
In ta iya, mu zauna, ki karanta mini ƙananan da bakinki,
sannu-sannu, kamar mai ƙirga canji.

Ta ce za ta tambayi oga.
Ta ɗaga bokitin za ta juye a leda,
na ce tsaya,
na ɗora mata uku a kai.