Mai Riƙon Igiya

Bara, daren da hadari ya taso daga Kwara,
muna tsaka da jin sanarwar rasuwa,
rediyo ya yi tari, ya yi shiru.
Inna ta jijjiga shi, ta lashi batir,
ta ce an sha masa murya.
Da safe muka gani:
ƙarfen tasha ya sunkuya kamar mai ruku'u,
waya guda ta tsinke, ta kwanta a gonar Dantani.
Kwana goma sha tara Yelwa ba ta ji kanta ba.
An binne Malam Hakilu a Ngaski,
surukinsa bai sani ba sai ranar sadakar bakwai.

Bana ba mu jira ba.
Shamuwa na isowa muka iso,
ni da Tunau, da buhun siminti takwas a amalanke.
Shi ne mai hawa.
Ni mai riƙon igiya ne,
aikin da ba a yi wa kirari.

Mun tone gindin turaku huɗu har sai da ƙasa ta yi sanyi,
muka zuba kankare, muka jira ya kama.
Tsoffin wayoyi, tsatsa ta cinye su kamar gara,
da yatsa nake ɓarɓasa su.
Muka ja sababbi.
Tunau ya kan daki waya da sifana, ya kasa kunne:
in ta yi kukan molo, da saura,
in ta yi na goge, ya ce bar ta haka,
abin da ya cika tauri shi iska ke fara nema.

Rami na biyar na tsawa ne.
Jan ƙarfe daga ƙoli har ƙasa,
gawayi kwando biyu, gishiri kwano shida.
Wata tsohuwa ta tsaya kallo,
ta ce ashe aradu ma da miya ake tarbar ta.

Rana ta uku ya kai ƙoli.
Daga ƙasa bai fi ƙadangare ba.
Igiya ta tsaya.
Na kira, iska ta mayar mini da kirana.
Na tuna 'yarsa Tumba da ba ta yi haƙori ba,
na naɗe igiyar a damtse har jini ya ƙi wucewa.
Can sai guga ta sauko
da ɗan kwali, rubutun gawayi:
Sheƙa a bayan eriya. Ƙwai uku. Turo ƙaramin noti.

Ya zagaye ta ya ɗaure.
Awa biyu ya ƙara mana cikin rana,
uwar tana shawagi tana zagin mu.

Jiya hadarin ya dawo neman bashinsa.
Ya kwashe rufin tashar mota,
ya kifar da kwale-kwale biyu a bakin gulbi,
har da ƙanƙara.
Na zauna a soro, tafukana duk kanta,
ina kallon jar fitila can sama
tana ɓacewa, tana dawowa.

Inna ta ƙara murya.
Ana cigiyar akuya, baƙa, mai yankakken kunne.
Aka maimaita sau biyu.
Ba a ambaci Tunau ba, balle ni.
Na saurara har ƙarshe.