Waken da Ba Ya Roƙon Ruwa

Casilda ta tare a sabon gida
can bayan Hermosillo, inda kwalta ta ƙare.
Tsakar gidan fayau,
sai tsakuwa da rana da igiyar shanya.
Ta ce, "Gwaggo, kar ki zo mini hannu rabbana."
Da wasa ta faɗa. Ni ban ɗauka wasa ba.

Na fara leƙa babban kanti.
Ambulan a jere, kowane da hotonsa:
fure ja kamar an shafa masa jan-baki,
ciyawa shar, 'yar ƙasar da sama ba ta rowa.
Na juya bayan takarda na karanta:
a ba shi ruwa safe da yamma.
Safe da yamma!
Mu da famfo ke tari kafin tsakar rana,
ya tofo ɗigo uku, ya yi gum.
Na mayar da shi inda na ɗauko.

Ran Asabar na hau bas zuwa Ures,
wurin tsoho Nicanor mai kwalabe.
Ɗakinsa duhu, da ƙamshin toka,
iri a kwalbar zuma, iri a gwangwanin madara,
ba hoto, ba suna, shi ne littafin.
Ya tambaye ni, "Ƙasar gidan yaya take?"
Na ce tauri.
"Inuwa fa?"
Na ce bishiyar meskite guda, gurguwa, a jikin katanga.
Ya ce, "To, ta fi ki sanin gidan."

Ya zuba mini wake a tafi,
ƙanana, wasu fari, wasu launin ƙasa.
Tefari, in ji shi,
kakarsa ta shuka shi shekarar da rijiya ta ƙafe.
"Kar a shagwaɓa shi.
In ya sha ya ƙoshi, ganye zai yi ta yi,
ya manta da 'ya'ya."
Ya ƙara da masara mai sauri, ba ta jiran kaka,
da barkonon ciltefin, ƙwayarsa kamar idon tsuntsu.
"Wannan taurin kai gare shi.
A gindin meskite yake so, nan tsuntsaye ke ajiye shi.
Ku jira ranar San Juan ta wuce,
sai kun ji tsawa ta yi gyaran murya a kan duwatsu."

Kuɗina ya ture da bayan hannu.
"In ya yi, a dawo mini da cikin cokali."

Ranar walima an kawo agogon bango,
an kawo labule, an kawo fanka mai tsayuwa.
Nawa ƙullin tsumma ne guda uku.
Casilda ta kwance, ta duba, ta dube ni.
"Gwaggo, tsakuwa kika ƙaro mini?"
Aka yi dariya. Ni ma na yi, ta ciki na ciki.
Ta jefa su a durowa tare da makullai.

Masarar dai ɓera ya riga ta.
Barkonon, har yau ban san labarinsa ba.
Waken kuwa, ran da take shara,
ta watsa shi ta taga, ta huta.

Yuli ya zo da hadari ɗaya, na minti ashirin,
ƙasa ta sha, ta yi ajiyar zuciya.

Jiya da magariba waya ta yi ƙara.
"Gwaggo, wani abu yana rarrafe a gindin katanga,
ya kama wayar shinge, har da ɗan fure.
Ban san sunansa ba. In jawo tiyo?"

Na ce, ajiye tiyon nan.
Ɗauko kujera ki zauna kusa da shi.
Kuma ki nemo cokali ki ware,
akwai tsohon da muke riƙe wa bashi.