Awon Kafaɗa

A lise ɗinmu na Garwa
ranar farko takarda ake miƙowa:
sunanka, unguwarku, sana'ar uba.
Hamajam ya rubuta "daraktan duwan",
birensa bai ko yi tuntuɓe ba.
Ni na rufe layin da tafin hannu
kamar mai ɓoye ƙurji,
na sa "tela" da ƙananan baƙaƙe
waɗanda tururuwa ma za ta tsallake.

Rigarsa yadi guda ce, daga Duwala.
Tawa ragowar yaduka uku:
shuɗin hannun dama ya fi na hagu duhu,
aljihun kuwa guntun wandon wani ne.
Idan rana ta take a farfajiya
sai in nemi gindin darbejiya,
inda inuwa ke sasanta launi.

Shi mota ke ajiye shi a bakin ƙofa.
Ni da sefa ɗari a hannu
nake ciniki da cikina:
ƙosai yau, ko babur zuwa Rumde Ajiya?
Na ƙware a faɗin "na ƙoshi"
tun kafin Faransanci ya zauna a bakina.

A aji amsa na kan harshena,
sai in haɗiye ta.
Wa zai ɗaga hannun da shuɗinsa daban?

Wata Asabar ina zura wa Baba zare a allura,
sai ga Hamajam, direba na jiransa a waje.
Na so ƙasa ta tsage in shige.
Baba ya zaro tef daga wuya,
ya aza a kafaɗar yaron, ya leƙa littafinsa:
"Yatsa biyu ka ƙaru tun ƙaramar Sallah.
Allah ya raya."

Hamajam ya yi tsit.
Da zai fita, idonsa kan ƙyallayen ƙasa,
ya ce da ni ƙasa-ƙasa:
"Babana bai san na kamo shi a tsawo ba.
Rabona da shi tun Binuwai na cike."

Ban san abin faɗa ba.
Na miƙa masa canjinsa.

Litinin na sa rigata.
Hannun dama na nan da duhunsa,
ƙirjina na dukan uku-uku a ƙofar lise kamar kullum,
yunwar ƙarfe goma ma ba ta ji labarin ba.
Amma da malam ya rubuta lissafi a allo
ya juyo yana neman mai amsa,
na ɗaga hannu.
Na dama.
Bai yi sama sosai ba,
iya kunne.