Wa Ya Riƙe Kyamarar?

Daren Alhamis a Gwammaja, an kawo wuta bayan isha'i.
Yarana biyu sun manne wa allo
kamar ƙuda a bakin kwanon fura.
Ga wasu ƙarti huɗu cikin wani kango,
fuskokinsu kore shar, idanu irin na mage,
suna raɗa, suna farautar fatalwa
da ɗan akwati mai ƙyafta ido.

Ƙofa ta ce ƙiiii.
Mudassir, babban wa guda, ya laɓe bayan ƙanwarsa.

Ban kashe ba. Tsayar da hoton na yi.
Shekara ashirin ina kwance bayan talabijin a rumfata,
na san abin da ke ciki:
waya, ƙura, da gawar kyankyaso.

Na ce, wannan mai hular ya rantse shi kaɗai ne a ɗakin.
To wa ke ɗaukar ƙeyarsa?
Shiru.
Can Rumasa'u ta ce, mai kyamara.
Na ce, sun zama biyu ke nan.
Wannan kiɗan da ke tayar muku da tsikar jiki fa,
fatalwar ce ta taho da makaɗinta?

Muka mayar baya, muka rufe murya.
Sai kango ya koma kango,
ƙarti huɗu suna gudun labule.

Daga kan darduma Inna Tasalla ta yi gyaran murya:
Kai Sallau, kada ka koya wa jikokina gardama,
aljani gaskiya ne.
Na ce, Inna, ban ce babu ba.
Mamakina dai, abin da aka ɓoye wa idon ɗan Adam
ya riƙa zuwar wa waɗannan duk mako,
ƙarfe tara daidai,
har ya dakata a yi tallar sabulu.
Dariya ta ɓatar mata da lissafin carbi.

Mu ma muna da namu a gidan.
Wata uku ana ƙwanƙwasa rufin soro da tsakar dare,
kowa ya ja bargo ya yi ta addu'a.
Na ba su tocila da tsohon littafin bashi.
Dare uku suna rubutu:
ƙarfe nawa, sau nawa, akwai iska ko babu.
Ran na huɗu Mudassir ya hau tsani, gwiwa na rawa,
ya tarar da wayar dish ta kwance,
tana marin kwano duk sanda iska ta taso daga Dala.
Ya ɗaure ta da tsumma. Muka yi barci.

Da safe yarinyar nan ta ce a kwance.
Don me?
In ƙarar ta dawo, to ita ce.
In ba ta dawo ba, ba mu san komai ba tukuna.
Shekararta tara.
Aka kwance. Ta dawo.

Na yi ta yawo da labarin a kasuwa
kamar ni na haifi hankali.

Jiya kuwa saƙon murya ya shigo wayata:
wai wata mata ta rikiɗa ta zama kura a Kurna,
a yaɗa don Allah, kada ya tsaya a kanka.
Har na zaɓi 'yan uwa goma sha biyu.
Rumasa'u tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.
Baba, mai maganar yana wurin?
Na ce, an ce dai.
Shi An-ce ɗin, a wane layi yake?
Wa ya ɗauki hoto?

Yatsana ya tsaya a sama
kamar hoton da na tsayar musu ran Alhamis.

Na kife wayar a kan tabarma.
Iska ta taso. Rufin soro ya ƙwanƙwasa sau uku.
Babu wanda ya ja bargo.
Inna ce kawai ta ce,
wani ya tashi ya ɗaure aljanin nan, ina son in yi barci.