Wasiƙar Nalado

A ƙarƙashin teburin babana na girma,
bakin gidan waya na Katsina, inda darbejiya
ke yi wa tafireta ruwan 'ya'ya.
Tafiretar haƙorinta guda ya karye.
In an zo kansa sai Baba ya ciro biro daga hula
ya cike giɓin da hannu.

Ni ƙafafu na fara sani kafin fuskoki:
faso, da silifas ɗaure da waya,
da takalmin ɗan sanda da ya ƙoshi da mai.
Muryoyi kuwa daga sama suke sauko mini.
"Malam Ƙasimu, rubuta: muna lafiya."
Amma babban yatsan mai maganar
yana ta tonon ƙasa kamar kaza a juji.
Tun ran nan na san baki da ƙafa
ba unguwarsu ɗaya ba.

Da almuru a Rafin Daɗi
sai in sauke wa Inna duk mutanen da na kwaso.
In yi tarin tsohon soja mai bin fansho,
in yi mahaucin da ke bin bashi yana haɗawa da gaisuwa,
in ɗaura zanen gado in zama matar direba.
Inna ta ce, "Barira, Allah ya shirye ki,"
tana dariya har tuwo ya kama.

Ina aji biyar zazzaɓi ya kwantar da Baba.
Aka ce in je in tsare tebur, kar iska ta kwashe takardu.
Sai ga Gwaggo Tasalla tun daga Ƙofar Guga,
wasiƙa ƙulle a bakin mayafi, ta sha zufa.
"Yarinya, kin iya boko?"

Daga Fatakwal ce. Layi uku:
ba zan zo Salla ba,
a sayar da gonar bayan ganuwa,
a aiko mini rabona.

Na leƙa ƙafarta. Ba ta motsi.
Na gyara murya, na saukar da ita cikin ƙirji
yadda nake jin ta samari in sun sha sigari:
"Inna, ina gaishe ki, gaisuwa mai yawa.
Nan ruwa ba ya ɗaukewa, rufi sai kuka.
Na zaga garin nan kaf,
ban sami mai dama fura irin taki ba,
mai ɗan gaya a ƙasan ƙwarya.
In na rufe ido ina jin ludayinki."
Na yi ta zuba. Ban san daga ina suke zuwa ba.
Batun gona na haɗiye shi da yawu.

Ta kwance kwabo goma ta ajiye.
Ta ce, "Ni na haifi Nalado.
Ko yana goye bai iya doguwar magana ba.
Kuma ban yi makaranta ba, amma na iya ƙirga layi."
Kunya ta rufe ni har wuya.

Ta ja benci ta zauna.
"To, maimaita mini wurin furar nan."

An sayar da gonar kafin kaka.
Ita kuwa duk Juma'a sai ta zo da takardar,
har ninkinta ya tsage, tawada ta bi zufa,
ni ina ƙara ruwa, ina ƙara jirgi a bakin teku,
wata rana har na yi masa ciwon haƙori.

Yanzu littafi bakwai, da fitilu, da mai kyamara
yana cewa, "Hajiya, kalli nan, kuka za ki yi."
In ce ya ba ni minti guda.
In sunkuyar da kai,
in nemo waccan ƙafa da ba ta motsi.