Matakala Goma Sha Huɗu

Oddvar, na ƙirga su yau da safe:
matakala goma sha huɗu.
Shekara talatin ina hawa ban san adadinsu ba,
sai da gwiwa ta fara yi mini lissafi.

Saura hunturu ɗaya ka miƙa makullan jirgin fito.
Ka ce duk Bodø babu gida irin wannan.
Gaskiya ne. Babu kuma rufin
da dusar ƙanƙara ke danne wa haka,
kai sama da shebur,
ni ƙasa, gabana yana faɗuwa.

Dillaliya ta nuna mana ɗaki biyu kusa da asibiti,
hawa na uku, da lif,
tagar tana satar kallon teku ta gefe.
Ka ce wannan ai kabad ne.
Amma na gan ka kana auna bango da taƙi,
ko teburin mahaifinka zai shiga.

Ba zai shiga ba.

Katakon ƙofar kicin fa,
inda muka yi ta zana tsawon Sølvi da fensir?
Ɗauko zarto.
Mai saye ya sa sabo.