Layi na Uku, Kujera ta Sha Ɗaya

Shekara ashirin da biyu nake zama nan,
layi na uku, kujera ta sha ɗaya,
wadda ƙafarta ta hagu ke rawa.
Jidda ta sake kamanni, tsofaffin lungu sun zama titi,
kujerar tana nan da rawarta,
ni ma ina nan.

Sana'ata gyaran na'urar sanyi.
Na rufe shago bayan isha'i, na zo da gumina,
na tarar da wani gumin yana jirana,
domin na'urar zauren wasa ta mutu tun kafin azumi.
Na ce zan duba ta kyauta.
Aka ce in rubuto takarda.

Koci na shida ke nan cikin kaka uku.
Wannan da tafinta ya zo.
Ya nemi a dakata, minti guda ne da shi,
ya yi zane a allo, ya zuba yarensa,
tafinta na cikin juyawa zuwa Larabci
aka busa usur.
Yara suka koma fili da rabin magana,
rabin kuma ya tsaya a bakin tafinta.

Ukasha fa?
Ɗan Balaraba mai sayar da funkaso,
wanda na ɗaura wa bakin tayar keke a jikin falwaya
yana ɗan shekara tara, yana jifa har a kira asuba.
Ya yi tsawo har yana sunkuya wa ƙofar masallaci.
Suka sayar da shi Riyad.
Da kuɗin aka sa gilashi mai duhu a ɗakin shugaba,
aka sayo wani baƙo daga bayan teku
mai gwiwa a naɗe kamar huhun goro.
Wasa huɗu ya buga.
Yanzu a benci yake, yana latsa waya.

Yau Ukasha ya dawo cikin rigar wasu.
Talatin da ɗaya ya zuba mana a kwando,
bai ɗaga hannu ba, bai yi dariya ba.
Sau ɗaya ya dubi layi na uku,
ni kuwa na dubi takalmina.

Duk da haka mun bi su.
Saura daƙiƙa takwas, maki biyu tsakani,
hannun Munzir na ci kamar wutar kara,
uku a jere ya jefa daga nesa, raga ko motsi.
Sai koci ya kira shi waje.
Makki mai ful, da ke kusa da ni, ya cire rawani ya ɗora a gwiwa,
ya ce, "Malam Tukur, wannan hisabi ne ko wasa?"
Ƙwallo ta yi yawo, hannu zuwa hannu, kamar kuɗin da ba a yarda da shi ba,
har ƙararrawa ta kaɗa
ba wanda ya jefa.

Gobe za su kori kocin, na sani.
A ɗauki hoto da na bakwai, a riƙe riga, a washe baki.
An bar jaki ana dukan taiki.
Masu ɗakin gilashi ba sa jin ihunmu,
tasu na'urar tana aiki.

Na yaga tikiti a bakin ƙofa.
Na rantse wa Makki na gama,
na rantse wa mai tasi, na rantse wa Bahar Maliya.
A gida Saratu ba ta tambayi sakamako ba,
ta karɓi rigar, ta jiƙa, ta shanya,
ta ce, "Alhamis da 'yan Madina ne, ko?"

Ban amsa ba.
Amma da dare na buɗe akwatin aiki,
na ɗauki sukudireba da ƙusa biyu na sa a aljihu.
Shugaba ya fi ƙarfina, koci ba ya jin yarena,
ƙafar kujera dai
ba sai na rubuta takarda ba.